Tarihin Kuɗin Karatun Likita da Aikin Asibiti: Waiwaye Daga Ƙasar Jega

Gabatarwa

Duk wanda ya san garin Jega da kasuwa ya san shi. Garin yana bakin Gulbin Zamfara, a mahaɗar hanyoyin da suka fito daga Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri, kuma tun cikin ƙarni na 19 fatake suke sauke kaya a cikinsa. A wannan zamani kuwa, ban da ciniki, ƙasar ta zama wurin neman ilmi. A Jega akwai Kwalejin Kimiyya da Fasahar Kiwon Lafiya ta Jihar Kebbi, a Aliero kuma akwai jami'ar kimiyya da fasaha wadda gwamnatin jiha ta kafa a shekarar 2006. Saboda haka maganar kuɗin makaranta ta shigo gidajen da a da ba ruwansu da ita, tun daga mai shago a Sabon Garin Jega har zuwa manomin albasa na Aliero da mai gonar gero na Maiyama.

Manufar wannan lacca ita ce a bi tarihin kuɗin karatun likita da sauran ma'aikatan asibiti, domin a ga waɗanda suka riƙa ɗaukar nauyinsa daga zamani zuwa zamani, da kuma abin da jama'a suka riƙa samu a madadin abin da suka biya. Abin da tarihin zai nuna shi ne, ba a taɓa yin lokacin da koyon magani ya zama kyauta ba. Ko da yaushe akwai mai biya, kuma wanda ya biya shi ne yakan mori gajiyar wanda aka koyar.

Kafin Zuwan Turawa

Asalin Jega yana haɗe da tarihin jihadi. Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa a Gimbana, kusa da inda Jega take a yau, kuma harin da Gobirawa suka kai wa Gimbana a ƙarshen shekarar 1803 yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Bayan rasuwar Abdussalami a 1818, ɗansa Buhari ne ya kafa Jega wajen shekarar 1820, garin kuma ya bunƙasa a ƙarƙashin Gwandu.

A wancan zamani hanyoyin koyon magani biyu ne. Ta farko ita ce ta zaure, inda malamai ke karantar da littattafan ɗibbu na Larabci tare da sauran fannoni. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da na ciwon ido. Ta biyu ita ce ta gado, watau ta wanzamai da ungozomomi da masu ɗori, kuma har yanzu Aliero ta yi suna wajen ɗori, ana kawo masu karaya daga garuruwa masu nisa.

A duk hanyoyin nan biyu ba a yanka wa mai koyo kuɗi a shekara. Da hidima yake biya. Yakan yi wa malaminsa noma, ya yi masa itace, ya riƙe masa zabira ko tsinken karan ɗori, shekara da shekaru. Ci da sha kuwa suna wuyan gidan malamin da mutanen unguwa, ta hanyar sadaka da zakka. Tun da yake garin ne ya ciyar da shi, in ya ƙware a garin yake zama, kuma abin kunya ne a gare shi ya kori maras lafiya don ba shi da abin biya. Wannan shi ne tsari na farko: jama'a su ɗauki nauyi, mai koyo ya rama da aiki.

Zamanin En'e

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, asibitocin da suka fara ginawa na sojojinsu ne da ma'aikatansu. Sai daga baya, da suka ga cututtuka irin su agana da sanƙarau da ciwon barci suna rage masu biyan haraji da masu aikin hanya, suka shiga buɗe ɗakunan shan magani a gundumomi, a ƙarƙashin hukumomin En'e. Wannan ya sa aka bukaci 'yan ƙasa waɗanda za su riƙe su. A shekarun 1930 aka buɗe makarantar koyon haɗa magunguna a Zariya, da makarantar koyon aikin tsabta a Kano, inda ake horar da malaman duba-gari. A Kudu kuma an buɗe makarantar likita ta Yaba a Ikko a 1930, amma waɗanda ta yaye mataimakan likita ake kiransu, ba a daidaita su da likitocin Turawa ba, ko a muƙami ko a albashi.

Yaron da aka ɗauko daga makarantar Midil aka tura Zariya ko Kano, ba ubansa ke biya masa ba. Baitulmalin En'e ke biya, ya ba shi tufafi da abinci da kuɗin mota, har da ɗan abin kashewa. Sau da yawa ma sai an yi da gaske iyaye suke yarda a tafi da ɗansu. Sai dai ya kamata a tuna cewa kuɗin da ke cikin baitulmali na haraji ne da jangali, watau gumin talakawa ne. Manomin da bai taɓa taka ƙofar makaranta ba shi ne ya biya wa disfensa karatu. Shi ya sa da yaro ya gama, En'e take tura shi ƙauyen da ta ga dama, ba shi da ta cewa.

Cikakken likita kuwa ya yi wuya ƙwarai a Arewa. Na farko shi ne Dokta Barau Dikko, mutumin Wusasa, wanda ya yi karatu a Jami'ar Bamingam ta Ingila, kuma sunansa ne aka sa wa babban asibitin nan na Kaduna. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, asibitin koyarwarta kuma a 1957, amma 'yan Arewa da suka shiga cikinta a farkon lamari ba su taka kara sun karya ba, domin makarantun sakandaren da ke koyar da kimiyya kaɗan ne a yankin.

Daga Gwamnatin Jihar Arewa Zuwa Zamanin Man Fetur

Gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ta ɗauki ƙarancin ma'aikata 'yan Arewa a matsayin babbar barazana. A tsakiyar shekarun 1950 aka buɗe makarantar likita a Kano don horar da mataimakan likita, aka kuma riƙa ba ɗalibai sukolashif zuwa Ibadan da Ingila da wasu ƙasashe. Sukolashif ɗin kuwa da sharaɗinsa yake zuwa: ɗalibi ya sa hannu a takarda cewa in ya gama zai yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru, a duk inda aka tura shi. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sashenta na koyon likita kuma ya fara a 1967.

Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur ya shigo, musamman daga 1973. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa sababbin jami'o'i, ciki har da ta Sakkwato, wadda aka mayar wa suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. A cikin shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, aka tsara kai aikin lafiya karkara, wanda ya sa jihohi suka buɗe makarantun horar da ƙananan ma'aikatan lafiya, irin wadda Jega ke taƙama da ita. A 1976 aka ƙaddamar da ilmin firamare kyauta, a 1977 kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya.

Wannan shi ne zamanin da dattawa suke tunawa da shi suna ajiyar zuciya. Ɗan talaka daga ƙasar Gwandu yakan shiga jami'a da akwatin ƙarfe kaɗai, a ba shi ɗaki, ya ci abinci sau uku da ɗan tikiti, jiharsa kuma ta ba shi alawus. Yawancin manyan likitocin Arewa na farko a kan wannan gada suka haye. Amma a nan ne kuma aka sami wani canji wanda ba a lura da shi ba. Kuɗin da ake kashewa ya daina fitowa daga harajin manomi, ya koma fitowa daga rijiyoyin mai. Da igiyar da ta ɗaure ɗalibi da garinsu ta saki, sai mutane suka ɗauka ilmi kyauta ne daga gwamnati, aka manta cewa bashi ne.

Rikicin 1978 da Abin da Ya Biyo Baya

Daɗin bai daɗe ba. Da farashin mai ya ɗan faɗi, sai a 1978 aka ƙara kuɗin kwana da na abinci a jami'o'i. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ƙi yarda, ta kuma nemi Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. A watan Afrilu aka harbe wani ɗalibi, Akintunde Ojo, a Jami'ar Ikko, sa'an nan aka kashe wasu a Samarun Zariya. Gwamnati ta rufe jami'o'i, ta soke ƙungiyar, amma ba ta janye ƙarin ba.

Wannan rikici ya bar wa mahukunta wani darasi wanda suka riƙe har yau, watau cewa ba a taɓa kuɗin koyarwa a fito fili. Abin da aka riƙa yi shi ne janye hannu sannu a hankali. A 1984 aka daina ciyar da ɗalibai da rangwame. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, aka karya darajar naira. Naira wadda ta fi dalar Amurka daraja a 1980, sai ga shi a 1987 ana ba da wajen naira 4 kafin a sami dala guda. Littattafan likita da kayan ɗakin gwaji duk daga waje ake sayo su, saboda haka sassan koyon likita ne suka fi jin jiki. A waɗannan shekaru ne manyan malaman asibitocin koyarwa suka riƙa ficewa zuwa Saudiyya da Ingila da Amurka.

Ba Nijeriya kaɗai abin ya shafa ba. A maƙwabciyar Kebbi, Jamhuriyar Nijar, irin wannan shiri ya taɓa alawus na ɗalibai, kuma ranar 9 ga Fabrairu, 1990, jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta a bakin gadar Kenedi ta birnin Yamai, mutum uku suka mutu. Hatta Ingila, wadda aka kwaikwayo tsarin jami'a daga gare ta, ta sa wa ɗalibanta kuɗin koyarwa fam 1,000 a 1998, ta kai shi fam 9,000 a 2012, sai dai ta haɗa shi da rance wanda ba a biya sai mutum ya fara samun albashi.

Jihohi, Sababbin Jami'o'i da Ƙarin 2023

Tsarin mulki na 1979 ya ba jihohi ikon kafa jami'o'insu, kuma dokar soke kuɗin koyarwa ba ta hau kansu ba. Kowace jiha takan yanka abin da ta ga dama, ta sauƙaƙa wa 'yan jiha, ta tsawwala wa baƙi. An ƙirƙiro Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, ta sami jami'arta ta Aliero a zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero, wadda daga baya aka sa mata sunan Malam Abdullahi Ɗanfodiyo. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi kuma ta zo a 2013. Daga baya aka shiga kafa jami'o'in da babu abin da suke koyarwa sai fannonin lafiya. Jihar Ondo ce ta fara a 2015, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa nata a Otukpo, sa'an nan a Azare da Ila-Orangun a 2021.

Yawan jami'o'i ya ƙaru, amma tukunyar da ake ɗiba ba ta ƙaru daidai da su ba. Gaskiya ne asusun harajin ilmi, wanda aka kafa a 1993 bayan gwagwarmayar malaman jami'a, yana gina azuzuwa da ɗakunan gwaji. Sai dai ba shi ne ke biyan kuɗin wuta da ruwa da man janareto na yau da kullum ba. Waɗannan an bar wa kowace jami'a ta nemo, kuma wurin da ya fi kusa da hannunta shi ne aljihun ɗalibi.

Shekarar 2023 ce ta fasa ƙwai. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye rangwamen man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Jami'o'in tarayya, ciki har da ta Bayero da ta Maiduguri, suka yi ƙari mai yawa, kuma ko'ina ɗaliban fannin lafiya ne aka yanka wa kaso mafi tsoka. A Jami'ar Ikko, inda tsofaffin ɗalibai ke biyan wajen naira 19,000, an sanar da naira 190,250 ga masu koyon likita, kafin zanga-zanga ta sa a rage. Fadar Shugaban Ƙasa ta fito ta ce har yanzu koyarwa kyauta ce a jami'o'in tarayya, abin da aka ƙara kuɗin rajista ne da na ɗakin gwaji da makamantansu. A bisa takarda haka ne. Amma ga uban da zai sayar da sa don ya biya, sunan da aka rubuta a kan rasit bai rage masa ko kwabo ba. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin da ya fi samun wuta zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, ya ninka fiye da sau uku, jami'o'i da asibitocin koyarwa da dama kuwa suna cikin wannan rukuni.

Nauyin da Ya Koma Kan Uba

Adalci ne a faɗi cewa tsadar karatun likita tana da dalili. Shekara shida ake yi ana koyonsa. Yana bukatar ɗakin fiɗa da na gwaji, da sinadaran da ke lalacewa in babu sanyi, da asibitin koyarwa mai gadaje da majinyata. Bugu da ƙari, hukumar da ke kula da aikin likita takan ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, saboda haka ba za a cika aji da mutum dubu don a raba nauyin ba. Shi kuma ɗalibin, ban da kuɗin makaranta, akwai farar riga da abin sauraren ƙirji da littattafai da kuɗin mota zuwa asibiti da na jarrabawar lasisi, ga shi karatun bai bar masa sararin yin wata sana'a a gefe ba. Masu koyon aikin nas da ungozoma da gwajin jini su ma haka abin yake, ko da yake nasu bai kai wannan ba.

A duba yadda wannan ke sauka a ƙasar Jega. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 30,000 ne daga 2019, aka mayar da shi 70,000 a 2024, Jihar Kebbi kuma ta sa 75,000. Ƙaramin ma'aikaci ke nan sai ya tattara albashin wata biyu ko uku kafin ya yi wa yaro guda rajista, ban da ci da kwana. Manomin albasa kuwa sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara. In ya cire albasa da rani kasuwa takan cika, farashi ya faɗi. Ribarsa tana ga ya adana ta har ta yi tsada, in ruɓewa ta bar masa. Amma ranar rufe rajista ba ta jiran kasuwa, sai ya karyar da kayansa ga ɗan kasuwar da zai ci ribar. In kuwa abin ya gagara, aka ce a zaɓi wanda zai ci gaba a cikin 'ya'ya, galibi 'ya mace ce ke komawa gida. Ga shi kuwa a wannan ƙasa mata da yawa sun gwammace su haihu a ɗaki da a ce namiji ne zai duba su, saboda haka duk yarinyar da ta bar karatun ungozoma asara ce ga gunduma guda.

Masu hali sukan tura 'ya'yansu waje, amma yaƙin Yukren na 2022 da na Sudan na 2023, waɗanda suka sa aka kwaso ɗaliban Nijeriya ba shiri, sun nuna ita ma wannan hanya ba ta da tabbas.

Gwamnati ta kawo magani iri biyu. Na farko rance ne maras ruwa, a ƙarƙashin asusun NELFUND, wanda aka sa hannu a kan dokarsa a 2023, aka sake ta a Afrilun 2024. Yana biyan kuɗin makaranta, ya ba ɗalibi naira 20,000 a wata, a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa shekara biyu bayan ya gama yi wa ƙasa hidima. Babu shakka ya ceci mutane da yawa. Na biyu wani ƙuduri ne da aka kawo Majalisar Wakilai a 2023, mai neman a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida, wanda ƙungiyoyin likitoci suka yi wa ca. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin sharaɗin zamanin Sardauna an ƙulla shi ne tun farko, da yardar ɗalibi, bayan gwamnati ta ɗauke masa kome. Wanda ubansa ya sayar da gona, ko wanda ya fito da bashi a wuya, yana ganin ba wanda zai ce masa ya je Maiyama ya zauna. Inda albashi ya fi tsoka can zai nufa, ko Abuja ko Jidda ko Landan.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa nauyin koyar da mai magani ya sauya kafaɗa sau uku: daga mutanen unguwa zuwa baitulmalin En'e da gwamnatin Arewa, daga nan zuwa kuɗin mai, daga nan kuma zuwa uba da ɗansa. A matakai biyu na farko mai biya yana da haƙƙin a dawo a yi masa aiki. A na uku haƙƙin ya dushe, a na huɗu kuwa ya ɓace. Illar ba ta tsaya ga ɗalibin da aka kora daga ɗakin jarrabawa ba, tana kaiwa ga ɗakin shan maganin ƙauye wanda aka gina da bulo, aka yi masa fenti, amma babu ungozoma a ciki da dare.

Zamanin 1977 ba zai dawo ba, domin yawan ɗalibai ya wuce abin da aka sani a lokacin. Amma akwai abubuwan da ke hannun ma'aikatan gwamnati tun yanzu. Ƙaramar hukuma irin Jega ko Aliero ko Maiyama za ta iya zaɓen 'ya'yanta kaɗan kowace shekara, musamman mata, ta ɗauki nauyinsu gaba ɗaya, bisa rubutacciyar yarjejeniyar su yi mata aiki shekarun da aka ambata. Hukumar sukolashif ta riƙa biya kafin a rufe rajista, ba bayan an gama zango ba. Makarantu su yarda a biya kashi biyu ko uku, a yi la'akari da lokacin da manomi ke sayar da amfaninsa, su kuma bayyana wa ɗalibai inda kowace naira ta tafi. Attajiran kasuwar Jega su ma suna da hanyar da kakanninsu suka sani, ta zakka da waƙafi.

Su kuma ɗalibai, ya kamata su sani cewa duk da wannan ƙari, abin da suke biya a makarantar gwamnati bai kai rabin abin da ake kashewa a kansu ba in aka haɗa da albashin malamai da gine-gine da asibiti. Ragowar daga dukiyar jama'a take fitowa. Ban da wannan kuma, jikin talakan da ke kwance a gadon asibitin koyarwa shi ne allon da suke koyon aiki a kansa. Wannan bashi babu shi a cikin rasit, babu kuma kotun da za ta karɓe shi, amma masu shi suna nan a ƙauyukan ƙasar Gwandu suna jira.